Karatun da Umadebi ta ɗauka ta bayan bango

Yayata Umadebi ba ta taɓa zama gaban malami ba, amma duk ƙauyenmu na bakin kogin Nila ba macen da ta san karatun kakanni, wato addu'o'in addininmu da ake rerawa da ka, sai ita. Ni aka haifa domin karatun nan, ni kuwa kaina kamar rariya.

Babanmu Ittirabi shi ne na goma sha ɗaya a gidanmu da ya haddace shi. Mu ba ma ɗaukarsa daga takarda. Masu hikima na farko jin sa suka yi, in ji Baba, don haka daga baki zuwa kunne yake tafiya, kuma in sauti ɗaya ya karkace addu'a ta lalace. Malami yakan dafa kan ɗalibi, ya ɗaga shi in murya za ta hau, ya sunkuyar da shi in za ta sauka. Kan ɗa namiji kawai ake dafawa.

Shekara shida Baba yana juya kaina kamar mai zaɓen kwakwa a kasuwa. Umadebi tana bayan bango tana niƙan shinkafa. Da na kakare sai dutsen niƙa ya yi shiru, ta raɗo mini abin da ke gaba.

Ran nan Baba ya gane. Bai yi faɗa ba.

"Ke dai kin shigo jikin da ba naki ba," ya ce mata. "Riƙe aikin da aka haife ki a kansa. In bayan mutuwa kin sake dawowa duniya namiji, ki neme ni."

"To Baba, in kai kuma ka dawo mace fa?"

Ya yi dariya har da tari, ya ce ta kawo shayi.

Ina shekara sha huɗu na gudu birni, na zama kwandastan bas. Ni ne ɗalibinsa na ƙarshe. Tun daga ranar bai ƙara ɗaga murya da karatu a gida ba, a zuci yake bita. Umadebi ta yi jinyar Inna har ta rasu, ta ci gaba da dafa masa abinci shekara talatin. Ko sau ɗaya ba ta roƙe shi ya koya mata ba.

Bara ciwon shanyewar jiki ya kama shi, harshe ya tafi. Na dawo na tarar tana ba shi kunun shinkafa tana karanta masa, ba ta ɓoyewa kuma. Idanunsa na bin muryarta, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Kullum da safe sai ta ɗora daga inda ta tsaya jiya. A rana ta tara ta kai tsakiyar wata addu'a, ta yi shiru.

"Ci gaba mana, Yaya," na ce.

"Iyakata ke nan, malam kwandasta. Nan ka tsaya ranar da ka gudu."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Fiye da rabin karatun yana cikin kan tsohon nan, mu biyu muna kallonsa.

Ta miƙo mini kwanon kunu. Ta durƙusa gefen gado, ta ɗauki shanyayyen hannunsa ta ɗora a kanta da ya yi furfura, ta maimaita layin ƙarshe, ta jira. Baba ya buɗe baki, iska ce kawai ta fito. Hannun ya zame ya faɗi kan tabarma.

Ta sake ɗauka ta mayar.