Matakalar da Mama Ta Hau

A shekarun da nake aikin gashin ƙashi a Manchester, gida-gida nake bin tsofaffin da aka sallamo daga asibiti ina koya musu tafiya. Cikinsu akwai wata tsohuwa Ba'indiya, mabiyar addinin Hindu, da ta faɗi a banɗaki aka yi mata aiki a ƙugu. Mama nake ce mata, ita kuma ta ce mini 'yata. Sati uku ina zuwa, ko motsa ƙafa ta ƙi yi. Sai ta sa a kawo mini shayi mai citta, ta kafa wa taga ido.

Ranar zuwana na huɗu na gaji da lallashi, na ce, "Mama, gaya mini gaskiya. Ina kike son ƙafar nan ta kai ki?"

Ta nuna mini hoton da ke jikin bango, mace cikin jajayen kaya a kan damisa. Ta ce abar bautarsu ce, Uwa suke kiranta. Tana budurwa ta hau dutse a Indiya don ziyararta, kwana guda cur suna tafiya. A nan kuwa akwai wurin bautarta a Birmingham, kuma duk kaka matan unguwa kan cika mota su tafi bikin kwana tara. Ɗakin a bene yake, ba takalmi ake hawa.

Ɗanta da ke tsaye bakin ƙofa ya ce, "Akwai lif fa, na'urar da ke kai mutum sama. Mun gaya mata."

"Kaya ake ɗorawa a lif," in ji ta. "Ni da ƙafata nake zuwa wurin Uwa."

Saura wata biyu bikin. Na duba ƙafar, na san za ta iya, na kuma faɗa musu haka. Sai dai da na tambayi tsayin matakalar da gefen da mariƙi yake, babu wanda ya sani. Shekara da shekaru suna hawa, ba su taɓa lura ba.

Yayata tana zaune a Selly Oak, cikin Birmingham, dama ranar Asabar za mu je mata. Da na gaya wa maigida zan biya ta wurin, sai ya ajiye cokali.

"Ke da hijabinki, me za ki yi a can?"

"Matakala zan duba. Aikina ne."

Can ya ce, "To, ni zan kai ki, in jira a mota."

Tsohuwar masana'anta ce aka gyara aka shafe da fenti ja da ruwan ɗorawa. Motoci daga garuruwa daban-daban sun cika harabar. Na cire takalmi na ajiye cikin na jama'a, na tsuguna ina awo. Matakalar ta fi ta gidan Mama tsayi, dutse ne mai santsi da sanyi, mariƙi kuma hagu kaɗai. Na hau har sama na tsaya bakin ƙofa. Ƙamshin turare, ƙarar ƙararrawa, mata sun jeru da kwakwa da furanni, wata na kuka a hankali gaban mutum-mutumin. Wata dattijuwa ta miƙo mini alewa daga abin da aka kai wa Uwar. Na dafa ƙirji na gode mata, na ce ni Musulma ce, ba zan ci ba. Ta yi murmushi, ta tambayi abin da ya kawo ni. Da ta ji, sai ta kira wani mutum, suka yi alkawarin ajiye kujera a inda matakalar ta karya kwana.

Daga Litinin muka fara. Na sa ɗan ya ɗora katako a matakalar farko ta gidansu don tsayin ya zo ɗaya. Na cire mata silifas, na hana ta taɓa mariƙin dama. Ƙafa mai lafiya ce ke fara hawa, mai ciwon ta biyo. Ta yi gumi, ta zage ni da yarensu, jikarta na fassara mini tana dariya. Amma ba ta ƙara ƙin tashi ba.

Ban je bikin ba. Washegari ɗan ya kira ni ina tsakiyar aiki. Ya ce ta hau. Sau ɗaya ta zauna a kujerar, matan da ke bayanta suka tsaya suna waƙa, babu wadda ta wuce ta. Sai na ji ta ƙwace wayar.

"'Yata, na isa. Amma wajen saukowa gwiwa ta ƙi, sai da suka riƙe ni su biyu. Ba ki koya mini sauka da kyau ba."

Gaskiyarta ce, hawan na fi ba ƙarfi. Na ce ta shirya, ranar Laraba da ƙarfe goma ina nan tafe.