Ciyawar jirgin Baba

Babu jirgin ƙasa a Tamaske, in ban da wanda ke cikin shagon Babanmu. Shekaru masu yawa Baba ya yi yana zuwa bida, wato ci-rani, a Abijan, yana gadin wani sito a bakin tashar jirgi. Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya dawo gida gaba ɗaya, kuma cikin kayansa har da wani ɗan jirgin wasa da ya saya wurin masu gwanjo: kai ɗaya, tarago uku, da layin dogo da ake harhaɗawa ya zama zobe. Mun ɗauka tsarabar jikoki ce. Ashe nasa ne.

Ya samo tsohon ƙyaure ya ɗora bisa bulo huɗu, ya shimfiɗa layin a kai. Ya yi tuddai da laka da takardar buhun siminti, ya yi tasha da kwalin sukari, ya kakkafa ƙirare a matsayin itatuwa. In ya dawo daga garkar albasa ya yi la'asar, sai ya sa wa jirgin pil, wato batir, ya zauna yana kallon jirgin yana zagaye. Ciyawa ce kawai ta gagare shi. Ya taɓa rina garin katako da kore ya barbaɗa, Inna ta leƙo ta ce kamar an ɓarar da miyar kuka. Kwana biyu yana amsa mata magana a gajarce.

Ni ce ƴar fari, don haka Baba ba ya kama sunana. Tun da na fara koyar da fizik a kwalejin Keita ya samu sauƙi, ya koma ce mini Madam kamar yadda ƴan lakwal, ɗalibaina, ke yi. Da hutun bazara na zo gida, ko jakata ban ajiye ba ya miƙo mini salularsa.

"Madam, duba wanga abu."

Bidiyo ne da ƙanena da ke Abijan ya turo masa. Wani Bature ya shafa gam a kan katako, ya riƙe wani abu kamar gwangwani mai mariƙi yana kaɗawa, ƴan guntayen zare na zubowa. Maimakon su kwanta, sai kowane ya tsaya cak, kamar hakin da ya samu ruwan farko.

"Mi ke tsai da su?" in ji Baba.

Na ce wuta ce, irin wadda ke sa gyalen roba ya yi ƙas-ƙas ya manne wa mutum a jiki. Ita nake nuna wa ɗalibai da biro, a goga shi a gashi ya ɗauki guntun takarda.

"To tunda kin san ta, ki yi mini."

Na so in ce masa sanin abu a allo daban, ƙera shi daban, amma ya riga ya juya yana kankare tsohon garin katakon daga kan ƙyauren.

Na yini ina tunanin inda zan samu wuta mai ƙarfi da ba ta kisa. Bayan magariba sauro ya cije ni a ƙafa, sai na tuna da raket ɗin kashe sauro, wadda ake danna maɓalli ta yi tas-tas. Akwai ɗaya rataye a ɗakin Inna. Saura abin da za a zuba zaren a ciki, mai ramuka, kuma dole na ƙarfe. Shi ma wurin Inna yake: matacin da take tace zoɓo.

Da safe na je da ladabina na durƙusa na roƙa. Ta dube ni, ta dubi ƙofar shago inda Baba ya tsaya yana yi kamar yana gyaran rawani.

"Shi ya aiko ki?"

"Aro ne, Inna."

"Aron da ake zuwa da almakashi a hannu?"

Ta dai bayar. Na kwance sukurorin raket ɗin, na cire kan mai raga, sai ga wayoyi biyu sun leƙo daga mariƙin. Ɗaya na naɗa a jikin matacin, na ɗaure matacin a mariƙi da robar tayar keke. Ɗayar na ƙara mata tsawo da wayar wata matacciyar rediyo, na ɗaura ƙusa a ƙarshenta. Dabarar ke nan: a soka ƙusar a cikin ɗanyen gam, a danna maɓalli, a kaɗa matacin daga sama. Zaren zai ɗauki wuta, gam ɗin ya jawo shi, ya faɗo a tsaye. Haka na yi wa Baba bayani har da zane a ƙasa, yana gyaɗa kai kamar sufeto ya zo duba aji.

Gam mun samo wurin kafinta, fari, muka sirka da ruwa da ɗan gishiri. Zare kuwa ulu kore na sayo a kasuwa. Ni da Baba muka zauna muna yanka shi ƙanana-ƙanana har yatsunmu suka yi kanta. Na zuba a mataci, na soka ƙusa, na danna, na kaɗa.

Ulun ya dunƙule ya ƙi fita. Da na matsa da kaɗawa sai ya faɗo curi-curi, ya zauna a kan gam kamar kashin awaki.

Baba ya ce ramukan ne suka toshe. Kafin in buɗe baki ya karɓi abin, ya riƙe ƙusar da hannu ɗaya, ya sa yatsan ɗaya hannun cikin matacin zai share. Na saki maɓallin tun ɗazu, amma raket tana riƙe sauran wuta a cikinta, kuma na manta ban gaya masa ba. Sai muka ji tas.

Bai yi ƙara ba. Ya ajiye abin a hankali, ya zauna a kan bulo, ya sa yatsan a baki. Can ya ce, "Ashe haka sauro ka ji." Ni kuwa na kasa tsayawa, na fita tsakar gida na kama turmi ina dariya har da hawaye. Daga ranar muka kafa doka: duk wanda ya gama kaɗawa, sai ya haɗa ƙusar da matacin wutar ta fita kafin a taɓa.

Inna ta shigo ganin abin da ya faru. Ta ɗauki curin ulu ɗaya ta murza.

"Wanga zare a lanƙwashe aka yi shi, ya za ku ce ya miƙe? Ku nemi wanda yake a miƙe tun asali."

Ta fita ta dawo da wani ƙunshi a leda. Mesh ne, gashin roba da mata ke ƙarawa a kitso, ragowar wanda ƙanwata ta bari, launinsa kamar zuma. Baba ya haɗe fuska.

"Gashin mata a kan jirgina?"

"Ba a kan jirgin ba, a gefensa," in ji Inna. Ta zauna da reza da katakon yanka albasa, ta riƙa datsa shi daidai wa daida, kowane bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Hannunta ya fi namu nesa ba kusa ba. Cikin ɗan lokaci ta cika murfin kwano.

Na sake shafa gam a gindin wani tudu. Na danna, na kaɗa. Wannan karon sai wani sauti siriri, sssss, gashin yana zubowa kamar yayyafi. Na ɗaga matacin. Ga shi nan a tsaye, ɗaya bayan ɗaya, cinkus, har wasu na karkata suna bin matacin duk inda na kai shi. Baba ya durƙusa ya ɗora kumatunsa a kan ƙyauren yana kallo ta gefe. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago akwai gam a gemunsa, da ciyawa uku ko huɗu tsaye a ciki. Ni da Inna muka haɗa ido, ba wadda ta gaya masa.

Matsalar launi ce ta rage. Shi kore yake so, irin na ƙasar da ya baro, inda ciyawa ke shafar tagar jirgi. Mun jiƙa mesh ɗin a ruwan rini ya kwana, da safe muka ɗauraye ya fito da launinsa na zuma kamar ba a yi ba. Baba ya juya shi a tafin hannu, ya dubi bayan gari ta ƙofar shago, inda busasshen haki ya rufe gefen dutse.

"Shi ke nan," ya ce. "Mu ce a lokacin kaka jirgin ya taso."

Kwana huɗu muna shuka. Inna na yanka, ni ina shafa gam, Baba na kaɗawa, don tun rana ta biyu ya karɓe aikin ya ce ya fi ni iyawa. Ya gano da kansa cewa in ya matso da matacin kusa ciyawar ta fi miƙewa, in ya matso da yawa kuma wuta ta yi tsalle ta ba shi tsoro.

Ranar da muka gama sai ga abokinsa Bafulatani, sa'ansa, wanda shanun Baba biyu ke hannunsa. Tun suna samari suke tsokanar juna. Baba ya danna maɓallin a ɓoye ya saki, ya miƙa masa matacin yana murmushi.

"Taɓa ka ji laushi."

"Abin da ka miƙo mini da fara'a haka, ba ni taɓa shi," in ji abokin. Ya harɗe hannu a bayansa ya zagaye ƙyauren sau biyu, yana sunkuyawa. Ya yaba hakin, ya ce ko a daji rabonsa da ganin irinsa an jima. Sai ya nuna layin dogon da sandarsa.

"Amma ka kewaye makiyayar duka da ƙarfe. Ta ina dabbobi za su shiga? Ina burtali?"

Baba ya ce jirgi ba ya kauce wa saniya. Abokin ya ce a nan ƙasarmu ta Adar sai ya koya. Suka yi ta yi har aka kira azahar, suka tafi masallaci suna yi, suka dawo ba su gama ba. A ƙarshe Baba ya ari rezar Inna, ya aske wata ƴar hanya a cikin ciyawar da muka sha wahalar shukawa, daga bakin ƙyauren har ta tsallake layin, ya barbaɗa mata rairayi.

Ana gobe zan koma Keita abokin ya dawo da shanu biyar na laka a cikin hularsa, irin waɗanda suke ginawa suna yara, da ƙahonnin ƙaya. Kowace ta fi tashar jirgin tsayi. Baba ya ce waɗannan ba shanu ba ne, giwaye ne. Abokin ya ce tashar ce ƙarama. Da na fito da jakata da safe na leƙa in yi sallama, na tarar Baba ya tsai da jirgin a bakin burtali, ya zauna yana jira abokinsa ya gama tsallakar da su ɗaya bayan ɗaya.