Lallen da Na Kai Fatakwal

Bayan an gama yaƙin basasa na koma Fatakwal da sana'ata ta albasa. Mu shida ne a gidan haya kafin a gudu, ni kaɗai na dawo. Matata ta ce ita ta gama da Kudu, ban kuwa ga laifinta ba. Ranar da zan taso ta tono mini ɗan dashen lalle daga bayan ɗakinta, ta sa a gwangwanin madara. Kwana uku ina rungume da shi a saman buhunan albasa, ina tsoron kada iskar mota ta karya shi.

Na dasa shi a bakin ƙofar ɗakina, daidai inda nake tsugunawa in yi alwala. Haka muka taso muka gani a gida. Ba a barin ruwan alwala ya tafi a banza, gindin shuka ake zuba shi. Sau biyar a rana yake shan nasa, ragowar buta ma shi nake juye wa. Ruwan sama kuwa a garin nan sai ya kwana uku bai ɗauke ba, amma ban taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Da ganye ya fara yin rawaya yana zuba, sai na ce ƙishi ne, na ƙara. Ina kasuwa hankalina na wajensa. Lokacin kuɗin mai sun shigo, gari ya cika da baƙi da gine-gine, ciniki na tafiya, amma in na dawo ba wanda zan yi wa sallama ya amsa da harshena. Lallen nake tsayawa in duba. Har na soma tuhumar kaina, ko wani laifi na yi da ya hana shi albarka.

Wani dattijo mai fataucin shanu ya kawo mini saƙo daga gida. Da ya ga lallen, ya tsuguna ya cusa yatsa a gindin, ya shinshina. Ya tambaye ni sau nawa nake ba shi ruwa, na faɗa masa har da ɗan alfahari.

"Malam, ai ruwan ne ke kashe shi. Wannan ɗan fako ne. Saiwar ta fara ruɓewa."

Ya ce in tone shi, in sa a tukunya mai huji da yashi, in ajiye ƙarƙashin rumfa inda ruwan sama ba ya kaiwa, sannan in ƙyale shi. Yashin na samo a inda ake wani gini, sai da na nemi izinin maigadi sau biyu don kada ya zama na ɗauki abin wani.

Ƙyalewar ce ta fi ba ni wuya. Na koma yin alwala a bakin kwata, ina kallon ruwan yana tafiya, lallen na gefe a bushe. Sau da yawa na ɗaga buta na nufe shi, sai in tsaya. Rassa uku suka mutu. Ɗaya ya rage.

Da rani ya shigo reshen ya yi toho, daga baya ya fitar da 'yan furanni farare, ƙanana, masu ƙamshin tsakar gidanmu da la'asar. Na rasa wanda zan nuna wa, sai na kira tsohuwar da ke da gidan. Ta duƙa ta duba, ta tambaye ni da turancin kasuwa ko ana sa shi a miya. Na ce a'a. Ta gyaɗa kai ta koma kan wankinta, ni kuma na jawo kujera na zauna kusa da tukunyar har aka kira magariba.