Kunyar Suruki Ta Sa Na Mayar da Masoyiyar Jarumin Fim Ƙanwarsa

Edita, a sakaya sunana. Lokacin da wannan abu ya faru ni magidanci ne a garin Woodbridge na Amurka, ban daɗe da barin aikin rediyo ba. Shekarun da na yi a gida ina fassara labarai ina karantawa sun bar mini alfahari guda, cewa ban taɓa ƙara wa labari gishiri ba. A nan aikin ofis nake yi a Washington, kuma doguwar tafiyar jirgin ƙasa safe da yamma ce ta jefa ni cikin kallon fim a waya. Da na gano manhajojin kallo sun tara tsofaffin fina-finan baƙi da fari da na zamani wuri ɗaya, sai na zama kamar ɓera a rumbu. Na sha wuce tashata saboda fim ya zo gangara.

Ba ni kaɗai ciwon ya kama ba. Muna da majalisa ta ranar Asabar: a zaɓi fim, kowa ya kalla a gidansa cikin mako, sannan a haɗu a gidan ɗayanmu a dafa shayi a yi ta musu. Akwai wani direba ɗan Damagaram da ke Beltsville, wanda ya rantse tun da launi ya shigo fim albarka ta fita. Akwai wata Hajiya 'yar Kumasi mai aikin kula da tsofaffi, wadda takan ce masa ai shi ma baƙi da fari ne, shi ya sa. Idan su biyun suka kaure, shayi kan huce ba a sani ba.

Ana cikin haka mahaifin matata ya zo daga Jos aka cire masa yanar ido. Bayan ya warke sanyi ya hana shi fita, yana zaune shiru a falo. Wata rana na kunna wani tsohon fim ɗin kaboyi, sai na ga Baba ya gyara zama. Ashe a samartakarsa babu silimar da bai sani ba a Jos, irin mai buɗaɗɗen sama da benci. Turanci ne dai ba ya ji. Nan take na zama tafintansa. Ina tsaye gefen talabijin ina juya magana tana fitowa, ina sauya murya, mugu da tasa, jarumi da tasa. Baba yana buga gwiwa, yana gargaɗin jarumi ya duba bayansa. Mutumin da a da gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, ina durƙushe kaina a ƙasa, sai ga shi yana jiran dawowata daga aiki yana tambaya ko yau akwai kallo. Ban taɓa jin daɗin sana'ata kamar a waɗannan makonnin ba.

Sai majalisa ta zaɓi wani tsohon fim da ban taɓa gani ba, ni kuma doki ya sa ban duba shi ni kaɗai tukuna ba. Muka zauna da Baba. Ba a yi nisa ba na gane inda aka dosa: matar aure ce ta sake haɗuwa da tsohon masoyinta, mijinta kuma ya fara zargi. Baba ya tambaye ni wace ce wannan a wurin jarumin. Na dubi surukina, na ce ƙanwarsa ce da suka daɗe ba su haɗu ba. Daga nan ban sake samun wurin tsayawa ba. Da mijin ya fusata, na ce rigimar gado ce. Da suka matso kusa da juna, na danna rimot na tsallake, na ɗora wa intanet laifi. Da suka rabu a ƙarshe tana kuka, na ce ya bar mata rabonsa ne ya tafi don aurenta ya zauna lafiya. Gaskiya, har wani daɗi na ji da na ga labarina ya tsaya da ƙafarsa. Baba ya share ido ya ce bai taɓa ganin fim mai koyar da zumunci irin wannan ba, kuma lallai shi ma zai bi ni majalisa.

A Mitchellville, gidan ɗayanmu, aka zauna a ranar. Da yake shi ne babba, aka ba shi magana ta farko. Ya yi bayani tiryan-tiryan a kan ɗan'uwa na gari, ya kawo labarin ƙanwarsa da ta rasu suna 'yar tsama kan gona, ya ce da ya ga fim ɗin nan tun da wuri da ya bar mata. Hajiya ta sa gefen mayafi ta rufe baki, tana danne dariya. Direban ne ya gyara murya, cikin ladabi ya tambayi Baba ko dai wani fim ɗin daban aka kunna masa, domin a wanda shi ya kalla babu mai uwa ɗaya da wani. Baba bai dubi kowa ba sai ni.

A mota ya yi magana, kuma bai ɗaga murya ba. Ya ce tun ba a haife ni ba yake kallon fim babu tafinta, ya san kallon da namiji ke yi wa ƙanwarsa, ya san wanda ba shi ba. Tun farko ya ga abin, amma da na ce ƙanwa ce sai ya ɗauka aikin idon ne bai yi kyau ba, har ya kwana biyu yana tunanin a mayar da shi asibiti. Ya ce abin da ya fi masa zafi shi ne ƙanwarsa da ya ambata a gaban mutane a kan labarin da babu shi.

Na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, amma bai sake zama kallo da ni ba. Direban ne ya riƙa zuwa ranar Lahadi yana yi masa fassara da 'yar Hausarsa mai gauraye da Faransanci, ni kuwa ina kicin ina jin dariyarsu. Har ya koma Jos haka aka yi.

Abin da na koya shi ne, kunya tana da hanyarta mai kyau, ni ne na bar ta. Da na ce Baba, wannan ba na kallonmu tare ba ne, na miƙa masa rimot na fita, da ya gane, da ya ƙara ganin girmana. Ku da iyayenku ke zuwa ƙasar nan suna jingina da bakinku a gaban talabijin, ko gaban likita, ku sani abin da kuka faɗa shi ne idonsu. In ba za ku iya faɗa ba, ku ce ba za ku iya ba. Kuma don Allah, ku kalli fim ku kaɗai kafin ku kunna wa suruki.