Malam Laminu da Motar Gindin Aduwa

Ina garin Gidigir ranar kasuwa labarin ya iske ni. Na je duba wata tsohuwar motar kaya da mai ita yake son rabuwa da ita, na shige ƙarƙashinta ina taɓa ƙarafa, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Zainabu ce, babbar 'yar Malam Laminu, tana kira daga asibitin Damagaram. Ta ce, "Baba Idi, Baba ya cika." Na daɗe kwance cikin rairayi, har mai motar ya leƙo yana tambaya ko wani mugun aibi na gani. Na fito na kakkaɓe rigata, na ce masa ya nemi wani mai saye, domin wanda zan kai wa labarin motar ba ya duniya. Daga Allah muka zo, kuma wurinSa za mu koma.

Duk direban da ya taɓa tsayawa a tashar Gure ya san Malam Laminu Mai Ƙarfe. Filinsa yana bayan tasha, kewaye da tsoffin ƙofofin mota da ya kafa a madadin danga. Sana'arsa ita ce sayen motocin da suka mutu ko suka yi hatsari, ya kwance su, ya ware abin da ke da sauran amfani, ya sayar wa direbobi da masu gyara. A wannan filin na yi mafi yawan rayuwata tare da shi, shi ne maigidana kuma abokin aikina.

Ban fara saninsa da ƙauna ba. A lokacin ina tuƙa motar kasuwa tsakanin Gure da Bune. Wata rana ta kife da mu a gangaren wani tudu, mutum biyu suka rasu, ni kuma na karye a hannu. Da mai motar ya yanke shawarar sayar da ita, aka kai ni inda take da hannu a ɗaure don in nuna abin da ke cikinta. Can na ga wani dogon mutum yana zagaya ta, yana ƙwanƙwasa nan da can. Zuciyata ta cika da ƙinsa. Amma da aka gama ciniki bai ɗauki guduma ba. Ruwa ya sa aka kawo masa, ya durƙusa ya wanke jinin da ya bushe a kujeru da hannunsa, ya tsince ɗankunne da carbi da wani ƙullin magani daga ƙarƙashin kujera, ya naɗe su a ƙyalle. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ka san mota, kuma hannunka ɗaya yana aiki. Zo ka zauna wurina kafin ɗayan ya warke." Hannun ya warke a karkace, ban sake tuƙi ba, ban kuma bar wurinsa ba.

Mutane ba su yi masa adalci ba a kan sana'arsa. Akwai masu kiransa ungulu a bayan idonsa, wai inda aka yi asara nan yake sauka. Ya san ana faɗa, kuma yana yi masa ciwo, ko da yake sau ɗaya tak na ji ya tanka. Ya ce, "Ni ban taɓa kashe mota ba. Abin da ya rage da rai a jikinta nake fiddawa in kai inda ake jiransa." Masu wannan magana sun manta cewa motocin da ke kai su kasuwa, masu ratsa rairayi zuwa ƙauyuka, an daɗe da daina ƙera kayansu. Ba don filin Malam Laminu ba, da rabinsu sun zama ɗakin kaji.

Yana da wata ɗabi'a da ta sha haɗa mu gardama. Duk ƙarfen birki ko na sitiyari da ya ga alamar tsagewa a jikinsa, komai ƙanƙantarta, sai ya ɗora shi a kan maƙera ya farfasa da guduma. Nakan ce, "Maigida, wannan fa zai yi wata shida yana aiki, kuma ga mai so a tsaye." Sai ya ce, "Abin da ba zan sa wa motar da ɗana zai shiga ba, ba na sayar da shi a sa wa ta ɗan wani." Direbobi kan tafi suna gunaguni, gobe kuma su dawo, domin sun san abin da ya fito daga hannunsa ba ya cin amana.

Kayan mutane da yake tsinta a motocin hatsari kuwa, a wata tsohuwar tukunya yake tara su, yana tambayar direbobi har ya gano masu su. Ba kullum ake gode masa ba. Na tuna takalmin wata yarinya, ƙafa ɗaya, da ya hau mota takanas ya kai Kelle. Uwar ta dubi takalmin, ta dube shi, ta shige ɗaki ta saki labule. Ya dawo da shi a aljihu, ya mayar cikin tukunya, ranar bai ci abinci a fili ba.

Ɗansa namiji ɗaya ne, Mustafa. A filin ya girma, ya zama mai gyara wanda ko tsofaffin garaji suke kira in aiki ya gagare su. Da kasuwa ta fara ja baya, sai Mustafa ya karɓi aikin bin wata mota mai kai masu neman zinariya arewa, shi ne mai gyaranta a hanya. Uban bai so ba, amma bai hana ba, domin ya san abin da ke shiga gidan ba ya isa. Shi da kansa ya duba motar kafin su tashi, ya canja mata abin da bai gamsu da shi ba. Sun wuce Kelle da nisa motar ta kife a kan wani tudun rairayi. Mustafa yana zaune a saman kaya, ita ce ta danne shi. A can aka binne shi. Malam Laminu bai ga gawar ɗansa ba.

Bayan wasu watanni mai motar ya jawo ta zuwa Gure don ya sayar. Kunya ta hana shi kawo ta wurinmu, Malam Laminu ne ya bi shi har gida ya saya. Muka ajiye ta a gindin aduwar da ke ƙarshen fili. Yini guda ya yi yana bincikenta shi kaɗai, ƙarfe bayan ƙarfe. Da la'asar ya zo ya zauna kusa da ni, hannuwansa baƙi ƙirin, ya ce, "Na duba, Idi. Babu abin da ya karye. Duk abin da na sa mata yana nan lafiya." Na ce to alhamdulillahi, ai sai hankalinku ya kwanta. Ya girgiza kai ya ce, "Da wani abu ya karye, da na san da wa zan yi fushi." Daga ranar ya lulluɓe ta da tanti. Kayan jikinta su ne aka fi nema a duk garin, amma ko ƙusa bai yarda a cire ba. In direba ya matsa, sai ya ce waccan ba ta sayarwa ba ce, ya kawo wata magana.

Shekarun da suka biyo baya ba su zo mana da sauƙi ba. Babura suka cinye fasinjan ƙauyuka. Sabbin kaya masu araha suka cika shaguna, ba sa daɗewa amma mai ƙaramin ƙarfi su yake iya saye. Sannan ga masu sayen ƙarfe a kilo, waɗanda ke zuwa da wutar yanka, su daddatsa mota sukutum a yini ɗaya, mai amfani da marar amfani, su loda su yi kudu. Suna biyan abin da ba za mu iya biya ba. Sau da yawa mukan je ganin mota mu tarar sun riga mu, sai tabon baƙin mai a ƙasa. Malam Laminu kan tsaya ya daɗe yana kallon wurin. Ya taɓa ce mini, "Injin da zai yi shekaru yana kai marasa lafiya asibiti, sun auna shi kamar gero." Filinmu ya riƙa raguwa. Akwai kwanakin da tun safe har magariba ba wanda ya leƙo, sai mu biyu da butar shayi.

A rani na bara wani direba mai suna Madu ya zo daga wani ƙauye gabas da Bune. Motarsa ita kaɗai ce a ƙauyen, ita ke fitar da kanwar da suke haƙa zuwa kasuwa, ita ke ɗaukar mai naƙuda da wanda maciji ya sara. Famfon man motar ya mutu, ya nema har Damagaram bai samu irinsa ba. Mu duka mun san inda irinsa yake. Madu bai roƙa ba, ya dai zauna a bakin rumfa yana ba da labarin wata mata da aka ɗora a amalanken shanu makon da ya wuce, ba ta kai gari ba. Can Malam Laminu ya miƙe ya ɗauki kayan aiki. Na tashi zan bi shi, ya ce, "Zauna, Idi. Wannan aikina ne."

Ya yaye tantin, ya ciro famfon, ya kawo ya miƙa wa Madu, ya ce ya tafi kawai, kada ya yi maganar ciniki. Sai da Madu ya fita na lura Malam Laminu yana ɗingishi. Wani yagaggen ƙarfe mai tsatsa da rairayi ya binne a gefen motar ya yanke shi a tafin ƙafa. Ya ce ba komai, ya ɗaure da tsumma. Yana da ciwon suga da ya daɗe yana ɓoyewa. Ciwon ya ƙi warkewa, ƙafar ta kumbura, ta fara wari. Ba na cewa wannan ne ya kashe shi, ajali a rubuce yake. Amma na kasa hana zuciyata komawa ranar. Abin da ya ƙara mini ciwo shi ne motar Madu ba ta kai ƙarshen damina ba, injinta ya buga gaba ɗaya, masu kilo suka saye ta. Ban gaya wa Malam Laminu ba. Har ya bar duniya yana zaton tana kan hanya.

Da aka kai shi Damagaram likitoci suka yanke ƙafar, amma ciwon ya riga ya shiga jini. Na je duba shi sau biyu. Zuwana na ƙarshe na tarar ya rame har na yi shakkar ko gadonsa ne. Matarsa, Inna Falmata, tana yi masa fifita. Ya tambaye ni wa ke zuwa fili, na ce ana zuwa. Ya dube ni ya ce, "Ba ka iya ƙarya ba, Idi." Ya ɗan huta, sannan ya ce, "Na so a ce na bar maka sana'a. Tsatsa kawai na bar maka. Ka yafe mini." Na ce, "Maigida, ku ne kuka ɗauke ni lokacin da ba mai so na." Ya rufe ido. Ban sake jin muryarsa ba.

A Gure aka yi masa sutura. Direbobi sun zo da yawa, har da waɗanda na san bakinsu bai bar shi ba yana raye. Bayan sadakar arba'in dangi suka zauna, aka ga babu mai riƙe filin, ga Inna Falmata da 'yan mata, ga matar Mustafa da marayunta. Zainabu ce ta zo ta same ni, ta durƙusa ta ce, "Baba Idi, an ce za a sayar. Na ce sai an ji ta bakinku." Me zan ce? Ba ni da abin saye, ba ni da abin ciyar da su. Na ce su sayar, ba su yi laifi ba.

Masu kilo ne suka saya. Na tsaya na ga an auna abin da muka yi rayuwarmu muna warewa, muna gogewa, muna jerawa, an watsa shi cikin babbar mota a cakuɗe. Da suka nufi gindin aduwa da wutarsu sai na juya na fita, amma har bakin tasha ina jin ƙarar. Tukunyar nan kaɗai na ɗauko, tana ɗakina, ban san mafi yawan masu kayan cikinta ba, wanda ya sani ya tafi. Yanzu nakan fito da safe don na saba fita, in zauna a tasha. Direba kan zo ya ce, "Baba Idi, ina za a samu kaza?" In ce ban sani ba. Da gaske ban sani ba. Na tsufa da koyon wata sana'a, wadda na iya kuma an kwashe ta a gabana.

Ya Allah, bawanKa Laminu ya zo gare Ka. Mun shaida bai ci haƙƙin matafiyi ba, bai sayar da abin da zai cuci rai ba. Ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ka sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka jiƙan Mustafa da ke kwance shi kaɗai a daji, Ka haɗa su a gidan rahama. Ka ba Inna Falmata haƙuri, Ka rufa wa Zainabu da ƙannenta asiri, Ka zama gatan marayun da aka bari a gidan nan. Mu kuma da muka rage ba mu san inda za mu dosa ba, kada Ka bar mu da dabararmu, in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.