Rami Na Shida A Bindigar Jasim

Wannan abin ba a bakin wani na ji shi ba, a gabana aka yi, kuma na rantse da Allahn da ya halicce ni ban ƙara masa gishiri ba. Wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ya bari, ni dai ba lada aka ce za a ba ni ba.

A Doha ne, lokacin korona. Ni mutumin Funtuwa ne, aikin gadi ya kai ni Katar, daga baya Allah ya haɗa ni da wani dattijo a unguwar Al Gharrafa ya zama kafil ɗina, wato shi ke riƙe da zamana a ƙasar, na koma ina tuƙa ɗansa. Sunan ɗan Jasim, bai kai shekara talatin ba. Ba shi da mugunta, ban taɓa jin ya zage ni ba, amma irin mutanen nan ne da in sun ƙyalla ido a kan abu to duk abin da za ka faɗa iska ce ke wucewa. Sa'o'insa na haukan ƙwallo da tseren mota, shi kuwa bindiga ce zuciyarsa. Yana da lasisi, kuma ɗan wani kulob ne na masu harbi can bayan gari, kusan kowane mako sai na kai shi.

Da aka fara sassauta kulle aka buɗe kulob ɗin, sai Jasim ya ce yana son ƙaramar bindiga ta hannu, irin mai juyawar nan mai rami shida, wadda sai ka ja wani ɗan ƙarfe a bayanta da babban yatsa kafin kowane harbi. Hama suke ce wa ƙarfen. So yake ya riƙa gwajin harbi da ita a kulob, kuma in an buɗe hanya ya tafi da ita farauta wani daji a ƙasar Turai inda abokansa ke da fili, ya rataye ta a ƙugu saboda aladen daji.

Mai kula da ɗakin bindigogi a wurin wani dattijo ne ɗan Zangon Kumasi ta ƙasar Gana, Baba Sumaila, tsohon ɗan sanda. Mun saba sosai, don duk wurin mu biyu ne masu jin Hausa, kuma kullum sai na tsokane shi saboda a bakinsa bindiga namiji ce, mace ma namiji ce. Ranar, bayan la'asar, ya fito da guda biyu ya ajiye a kan tebur. Ɗaya sabuwa fil, farin ƙarfe wanda ba ya tsatsa, bakinta matsakaici. Ɗayar tsohuwa ce baƙa doguwa, marikinta na ƙashi har ya yi rawaya don shan hannu. Ya yi wa Jasim bayani daki-daki, cewa doguwa ta fi daɗin saiti a fili amma tana damun mutum a ƙugu in yana tafiya cikin itatuwa, cewa daji akwai ruwa da laima, farin ƙarfe ya fi haƙuri, kuma ita sabuwar an sa mata wani shinge a ciki, ko ta faɗi ƙasa ba ta tashi. Tsohuwar kuwa ba ta da shi, hamarta a kan harsashi take kwana, abu kaɗan ya buge ta sai ta yi magana. Shi ya sa masu irinta ba sa cika ramukan. Ka sa ɗaya, ka tsallake ɗaya, ka sa huɗu, sai ka kwantar da hamar a kan ramin da ba kowa.

Jasim na ji yana gyaɗa kai, amma idonsa na kan tsohuwar tun da aka ajiye ta. Ya tambayi ta wane ne. Baba Sumaila ya ce ta wani Bature ce injiniya, korona ta kashe shi, iyalinsa suka ce a sayar. Shi ma Baturen a hannu ya saye ta, can wata ƙasa ta wajenmu inda ya yi aikin hanya yana saurayi, wanda ya riƙe ta kafin shi kuwa Allah masani.

Muka shiga wurin gwaji. Ku gane yadda yake: layi ne na ƙananan rumfuna, kowane mai harbi da tasa, katako ya raba su. Saboda cutar sai aka ce a riƙa barin ɗaya tsakani, aka ja jan zare aka tare bakin kowace ta biyu. Ranar ma ba kowa sai mu uku. Jasim da Baba Sumaila suka shiga tasu, ni kuma na tsaya baya riƙe da makullin mota da gorar ruwa, daidai bakin wadda aka tare.

Ina nan tsaye sai na ji an yi mini sallama a hankali. Na waiga, ga mutum a cikin rumfar da aka tare, ta cikin zaren. Dogo ne baƙi, siriri, da takunkumi a fuska kamar kowa a lokacin, da wata riga mai ruwan ƙasa irin ta leburori. Ban yi mamaki ba, na ɗauka mai shara ne sabon ɗauka. Na amsa. Sai ya yi magana da Hausa, tsohuwar Hausa mai nauyi irin ta kakanninmu na ƙauye.

"Samari, gaya wa maigidanka ya ɗauki farar. Waccan ba ta kwana da rami wofi."

Na buɗe baki zan tambaye shi daga ina, sai Jasim ya fara harbi da tsohuwar, ƙarar ta sa na juya. Wallahi ƙiftawar ido ce. Da na sake dubawa ba kowa a rumfar, zaren na nan a ɗaure yadda yake, ƙofar fita kuwa a bayana take, ba yadda za a yi mutum ya bi ta ban gan shi ba.

Ban gama tunanin wannan ba Jasim ya gama biyar ɗinsa. A kan idona Baba Sumaila ya zuba su, ɗaya, ya tsallake, huɗu. Jasim ya sake jan hama don wasa, yana dariya, bakin bindigar na kallon allo, ya taɓa kunama don mu ji ƙas ɗin rami wofi. Sai ta tashi. Ƙara sosai, har hannunsa ya yi sama.

Jasim ya ce tsufa ya kama Baba Sumaila, shida ya zuba. Dattijon bai musa ba, ya karɓi bindigar ya riƙa turo kwanson harsasan ɗaya bayan ɗaya a tafin hannunsa. Biyar na ƙyalli, da zafinsu. Na shidan baƙi ne har ya yi kore a gindi, irin wanda ya shekara a cikin ƙasa. Ya miƙo mini, na karɓa, sanyi ƙalau yake.

Aka sake zubawa mu uku muna kallo, aka harba biyar, na shida ya yi ƙas kamar yadda ya kamata. Aka sake, haka. Jasim ya ce kalas, an gama magana, tsohuwar yake so. Baba Sumaila ya roƙe shi iya roƙo, har ya ce in don kyau ne zai nemo masa marikin ƙashi a sa wa sabuwar. Jasim ya ƙi. Da muka fito na ja dattijon gefe na tambaye shi wane ne sabon mai sharar nan Bahaushe. Ya dube ni.

"Ɗan'uwa, ba mu da wani. Ni da kai ne kawai," in ji shi. "Ka gaya wa yaron nan abin da ka gani. Bindiga nan, ni ba na so shi."

A mota na gaya masa, ban rage komai ba, duk da na san ana iya cewa direba ya fara taɓuwa a sallame ni. Da Larabcina na kasuwa da ɗan Turancin da muke haɗawa na ce masa ga mutumin da na gani, ga abin da ya ce, kuma ina jin tsoron kada wata rana ya rataye ta yana ganin ramin wofi ne alhali ba wofi ba ne. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ashe aljanun Afirka ma sun samu biza. Ya ce yalla, mu tafi gida. Na gaya wa mahaifinsa ma, ya ce Allah ne mai tsarewa, ya ci gaba da jan carbinsa. Daga nan na ja bakina, tunda ba a kan ƙuguna za a rataye ta ba.

Aka shekara da wani abu yana zuwa kulob da ita, ba abin da ya sake faruwa. Ni kaina har na fara cewa ko yunwa da zafi ne suka nuna mini mutum.

Sai gasar cin kofin duniya ta zo, gari ya cika ya batse, ko'ina tuta da ganga, hanyar da kake bi a minti goma ta koma awa. Jasim ya ce ba zai iya wannan hayaniyar ba, aka yi wa bindigar takardu ya tafi dajin nan da abokansa. Ni aka bar ni da jigilar baƙin gidan. Wata rana da yamma ina Asian Town, inda mu ma'aikata ke taruwa kallon wasa, kukun gidan ya kira ni ya ce in zo maza, gida ba lafiya. Ashe can daji Jasim ya zo sauka daga kan doki, hamar ta bugi ƙarfen sirdi, bindigar ta tashi a cikin kubenta, harsashi ya shiga ta cinya ya farfasa gwiwa. Kafin a fito da shi daga daji a kai asibiti ƙafar ta lalace, sai da aka yanke ta. Na ji tausayinsa ƙwarai, don yaron bai taɓa yi mini komai ba sai alheri.

Bayan wata biyu ya dawo, ni ke kai shi asibiti ana koya masa tafiya da ƙafar roba. Ba ya magana sosai. Wata safiya muna cikin cunkoso a Al Mirqab sai ya ce da 'yan sandan can suka buɗe bindigar, harsasai biyar ɗin da ya zuba da hannunsa suna nan cif, ba wanda ya tashi. Na ce Allah ya kyauta. Sannan ya ce yana kwance a ƙasa, abokansa sun ruga neman mota, sai ga wani dogon mutum baƙi da takunkumi a tsaye tsakanin itatuwa. A lokacin kuwa an daina sa takunkumi. Mutumin ya faɗi wata magana sau biyu da yaren da bai sani ba, kuma ta ƙi fita daga kansa. Ya lanƙwasa harshe ya maimaita mini ita, da kyar, amma ba harafin da ya ɓace.

"Ai an gaya maka."

Jasim bai san ko sannu ba da Hausa. Ya tambaye ni ko yarenmu ne, na ce e. Ya ce me take nufi, na fassara masa. Ya juya yana kallon taga har muka isa asibiti.

Bindigar tana can ƙasar, ba a dawo da ita ba, ban san hannun wa ta faɗa ba. Ban san wane ne mutumin ba, ban san mene ne tsakaninsa da ita ba, kuma ban nemi sani ba. Abin da zan ce muku kawai, makamin da ya bi hannaye ba ku san abin da aka aikata da shi ba, ku bar shi a kan tebur komai kyansa. In kuma wani ya tare ku da gargaɗi a inda bai kamata a ce akwai mutum ba, ku fara bin maganar tukuna, tambayar ko shi wane ne ta biyo baya.