Baba Genzo, Mai Buɗe Idon Dodon Ruwa

Kafin jiragen masunta su dawo da safe, Baba Genzo Kuramochi ya riga ya durƙusa a kan tabarma yana niƙa tawada a dutse. Sai ya ɗaure allurai a bakin sandar gora, ya kurɓi shayi, ya jira mai zuwa ya tuɓe riga. Haka muka taso muka gan shi. A wannan watan ya ajiye sandar, hannu ya ƙi, kuma duk garin nan ba wanda ya taka ya ce masa sannu da aiki. Kai, mu dai ba mu da ta ido!

Mu ne fa masu sauya hanya in mun hango shi, wai jarfa sana'ar 'yan daba ce. Amma a tuɓe rigunan masuntanmu a gani. Dodon ruwa ne kwance a bayan kowa, jikin maciji, ƙaho, farata uku. Shi ne sarkin teku, masunci na goya shi don ruwa ya san nasa. Aikin kan ci shekaru, ido kuwa shi ne ƙarshe, domin ranar da aka ɗiga ƙwayar ido ranar dodon ke samun rai.

Tomekichi, wani masunci mai bakin tsiya, ido kaɗai ya rage masa.

"Tsoho, ɗiga min in wuce mana, gobe za mu fita."

"Bayanka bai warke ba. In ka dawo."

"Kai dai faɗi gaskiya, ganina tsirara kake so!"

"Wannan jikin naka kamar bandar kifi? Sa rigarka ka ba ni wuri."

Guguwa ta kifar da jirginsu. Da teku ta ga dama ta amayo su, kifi ya riga ya cinye fuskokin. Aka jera su a rumfar ƙanƙara ta kasuwar kifi, uwa ba ta gane ɗanta. Sai ga masu sauya hanya a ƙofar Genzo, kai a sunkuye.

Baba Genzo, kai ne ka shiga rumfar nan da ƙartin maza suka fito suna amai. Kai ne ka juya kowace gawa da hannunka, ka duba bayanta, ka kira sunan mai ita. Na ƙarshe ba ka ma iya kiran sunansa ba. Dodon na nan cif, idanunsa fari fat.

Sumie, matar Tomekichi, ta ture mutane ta shaƙe wuyan rigar Genzo.

"Makaho ka goya masa! Makaho ka tura shi teku da shi, Baba! Da me zai ga hanyar gida?"

 Sai ta zauna daɓas a gaban gawar, ta ce ba mai kai mijinta wurin ƙona gawa kamar yadda al'adarmu take, don in ya tafi haka zai yi ta lalube a ƙarƙashin ruwa har abada. Dangi suka yi lallashi har suka gaji. Ƙanƙara na narkewa, wari na tashi.

Tun Genzo yana yaro maigidan da ya koya masa sana'ar ya rantsar da shi cewa allurarsa ba za ta taɓa matacce ba. Genzo ya je gida ya dawo da sandarsa. Ya durƙusa a cikin ruwan ƙanƙarar, ya dafa kafaɗar gawar kamar yadda ya saba.

"To, sarkin gaggawa, ga ka ka dawo. Kwanta da kyau. Yau ba zafi."

Fatar ta yi laushi, tana saɓulewa, ba ta karɓar tawada. Ya ɗiga, ta zube. Ya sake. Masu kallo sun ce hawaye na bin gemunsa, amma hannun bai karkace ba, har baƙin ya zauna a ido biyun. Sumie ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙe ta ce, "Ku ɗauke shi."

Har yau ba ta yafe masa ba, ba ta ko amsa gaisuwarsa. Shi kuma bai taɓa faɗa wa kowa cewa ba laifinsa ba ne. Wannan ne ke ci mini rai.

Baba Genzo, gwanin allura, mun gode. Ka karya rantsuwarka don wata baiwar Allah ta iya sallamar mijinta, ka ɗauki tsinuwar ka tafi da ita gida. Ku masu sana'a, in aikin hannunku ya dawo muku a lalace, kada ku laɓe a bayan hujja, ku je ku durƙusa a kansa kamar yadda tsohon nan ya yi. Sauranmu kuwa, yana nan da rai a lungun bayan kasuwa. Mu je mu gaishe shi da ƙafarmu, tun teku ba ta sake tura mu ƙofarsa ba.